Ƙyanƙyasar ƙwan kaza da ƙaramin inji a Jos: tambayar sabon shiga

Abban Khadija, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Ina neman shawara a kan ƙaramin injin ƙyanƙyasa mai cin ƙwai 56, irin mai fanka da tire mai juya ƙwai da kansa. Takardar da ta zo da shi ta ce zafi digiri 37.5, danshi kashi 55 cikin ɗari, shi ke nan. Ga shi hunturu ya kama. Wane ƙwai zan zuba, kuma me zan kiyaye daga ranar farko har fitowar tsaki? Allah ya saka da alheri.

Malam Mai Inji, Bukuru:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin maganar ƙwai, a fara da injin. Ka kunna shi babu komai a ciki, ya yi aƙalla awa 24 yana aiki, da ruwa a tirensa. Lambar da ke jikin allon ba ita ce hujja ba, domin ƙananan injunan nan sukan zo da kuskuren rabin digiri ko fiye, kuma rabin digiri a tsawon kwana 21 ba ƙaramin abu ba ne. Ka sayi ma'aunin zafi irin na asibiti a kemis, ka ɗora shi a kan tiren ƙwai daidai tsayin da saman ƙwai zai kai, ka gwada tsakiya, ka gwada kusurwa huɗu. In allo ya ce 37.5 ma'aunin asibiti ya ce 37.0, sai ka ɗaga saitin har na asibitin ya nuna 37.5. In wata kusurwa ta fi sanyi, ka san da ita, ka riƙa sauya wa ƙwai wuri duk bayan kwana uku ko huɗu.

37.5 ɗin nan na inji mai fanka ne. Wanda ba shi da fanka zafinsa hawa-hawa yake, sama ya fi ƙasa, don haka a kan sa shi 38.5 zuwa 39 a ma'aunin da ke saman ƙwai. Kada a haɗa lissafin biyu.

Wurin ajiya kuma: ɗaki na ciki, nesa da taga da ƙofa, inda rana ba ta bugunsa, a kan tebur ba a kan siminti ba. A Jos cikin Disamba da Janairu sanyin asuba na iya fin ƙarfin hitar ƙaramin inji. In ya zo a cikin farin kwalin nan mai laushi da ake tsare kaya da shi, kada ka yar, ka mayar da injin ciki ka huda daidai ramukan iska.

Hajiya Mai Kaji, Rikkos:
Malam ya gama da inji, bari in ɗauki ƙwai, don a nan yawancin sababbi ke yin asara tun ba a kunna wuta ba. Ƙwan kiret na shago da na kasuwar Taminus ba ya ƙyanƙyashewa, kajin gidan gona masu ƙwai ba a haɗa su da zakara. Kana buƙatar ƙwai daga garken da ke da zakara lafiyayye, ɗaya ga kaji 8 zuwa 10. In zakara ɗaya ne a kan kaji 25, rabin tirenka zai tafi a banza.

Shekarun ƙwan ma abin dubawa ne. Kada ya wuce kwana 7 da sakawa. Bayan kwana 10 ƙarfinsa na raguwa sosai. Ana ajiye shi a kiret, tsinin a ƙasa, faffaɗan kan a sama, a wuri mai sanyi kamar digiri 13 zuwa 16, kuma wannan Jos ta ba mu shi kyauta a wannan lokaci. Firij ya yi masa sanyi da yawa, kada ka sa. A riƙa tokare gefen kiret ɗin da bulo ko katako, yau dama gobe hagu, don kada gwaiduwa ta manne a gefe guda.

Wajen zaɓe, ka cire mai tsaga ko da siririya ce, da mai ɓawo sakayau, da zagayayye sosai, da dogo sosai, da ƙato mai gwaiduwa biyu, da mai kashi a jiki. Kada ka wanke ƙwai. Akwai wani siririn rufi a jikin ɓawo da ke tare ƙwayoyin cuta, ruwa na wanke shi, ruwan sanyi kuma yana sa ƙwan ya zuƙi dattin ciki. In ɗan tabo ne, a kankare da busasshen ƙyalle. In an kawo maka ƙwai a mota daga nesa, ka bar shi ya huta awa 12 zuwa 24 kafin ya shiga inji.

Abban Khadija, Unguwar Rogo:
Na gode Hajiya. To ƙwan kajin zamani irin Noiler fa, ko Shika Brown, in na samu wanda ke da zakara?

Hajiya Mai Kaji, Rikkos:
Zai ƙyanƙyashe in akwai zakara. Sai dai ka sani irin waɗannan haɗi ne, 'ya'yansu ba lallai su yi girman iyayen ko yawan ƙwansu ba, za ka ga sun fito iri-iri. Shika Brown aikin NAPRI ce, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, Zariya, kuma don ƙwai aka samar da ita. Don koyo dai ka fara da ƙwan kajin gida mai araha, ka cika rabin tire kawai. In hannu ya faɗa sai ka sa mai tsada.

Injiniya, Farar Gada:
Ni abin da nake so a tsaya a kai shi ne wuta, domin duk wannan bayani in an ɗauke wuta awa 10 cikin daren hunturu ya rushe. Ka duba bayan injin, akwai takardar da ta faɗi wat nawa yake ci, kuma ka duba ko yana da wayar da ake haɗawa da batir mai bolt 12 kai tsaye. In yana da ita ka huta da inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida.

Ga lissafi. A ce injin wat 80 ne. Batir mai 100Ah a bolt 12 yana riƙe da 1,200Wh, wato wat 1,200 na tsawon awa ɗaya. Irin batir mai ruwan acid ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, saura 600. Raba 600 da 80, ka samu awa 7 da rabi in hita ba ta hutawa ko kaɗan. Da yake tana kamawa tana saki, zai wuce haka, amma a ɗaki mai sanyi hutunta kaɗan ne. Shi ya sa rufe jikin injin da Malam ya faɗa yana ƙara maka awannin batir. In ta inbata za ka bi, ka rage wani abu saboda ita ma tana ci.

In wuta ta tafi babu batir, kada ka buɗe murfi don dubawa. Ka lulluɓe da bargo, ka bar ramin iska. In abin ya yi tsawo, ka cika gorar roba biyu da ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya riƙewa, ka naɗe da tawul ka sa a ciki ba tare da ta taɓa ƙwai ba. Da wuta ta dawo ka yaye bargon. Tayin tsako yana jure sanyin 'yan awanni, abin da yakan jawo shi ne jinkirin fitowa, amma zafin da ya haura 40 na tsawon awanni kisa yake yi. Kuma ka sa wa injin sitabilaiza, wutar da ke hawa da sauka ita ke ƙona allon.

Dattijo, Gangare:
Yara, ku yi hankali da maganar ruwa. Ni ra'ayina sabon shiga ya fi kashe tsaki da yawan ruwa fiye da ƙarancinsa. Yana ganin lamba ta sauka sai ya cika kowane tire, danshi ya kai 70 tun makon farko. Ƙwan ba ya rage ruwan cikinsa, gurbin iskar da ke faffaɗan kai ba ya girma, ranar da tsako ya huda shi don ya shaƙi iskar farko sai ya tarar da ruwa. Ka fasa ƙwan ka ga tsako cikakke da gashinsa, a mace. Gara a bar inji babu ruwa har kwana 18, sannan a zuba.

Malam Mai Inji, Bukuru:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce amma ta watan Agusta ce. Da damina a Jos iska kanta a jiƙe take, inji ba ruwa ma zai iya nuna 45, a nan shawararka ta zauna. Yanzu kuwa hunturu ne, iskar da fanka ke jawowa busasshiya ce, in kuma aka ɗumama ta zuwa 37.5 sai ta ƙara bushewa. Inji ba ruwa a Janairu zai iya sauka ƙasa da 20. Ƙwan zai yi asarar ruwa fiye da kima, tsako ya fito ƙarami a bushe, ko fatar ciki ta ɗame shi ya kasa juyawa.

Akwai kuma abin da takardun injin ba sa faɗa. Jos tana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku. A tudu iska ba ta da nauyi kamar a ƙasa, don haka ruwa ya fi saurin fita ta ƙofofin ɓawo, iskar shaƙa kuma ta ɗan ragu. Lambar da ta yi wa mai inji a Legas daidai ba lallai ta yi mana ba.

Dattijo, Gangare:
To in ba lambar takarda ba, ba kuma tawa ba, da me yaron zai yi aiki?

Malam Mai Inji, Bukuru:
Da ƙwan kansa, Baba. Daga ranar sakawa zuwa kwana 18 ana so ƙwai ya rage kashi 11 zuwa 13 cikin ɗari na nauyinsa. Ya sayi ƙaramin sikelin kicin mai auna giram. Ya zaɓi ƙwai 10, ya sa musu lamba da fensir, ya auna su tare. A ce sun ba da giram 400. Kashi 12 na 400 shi ne 48, ke nan a kwana 18 ana so su koma 352, a kwana 9 kuma wajen 376. In ya auna a kwana 9 ya ga 388, ba su rage isasshe ba, danshi ya yi yawa, ya rage ruwa. In ya ga 365, sun bushe da sauri, ya ƙara. Ya fara da 50 zuwa 55 kamar yadda takarda ta ce, sikeli ya gyara masa.

Kuma a lura, faɗin fuskar ruwa ke kawo danshi, ba zurfinsa ba. Kofi mai zurfi cike da ruwa bai kai faranti mai faɗi da ruwa kaɗan ba. In ana son ƙari, a cika rami na biyu ko a sa soso mai tsabta a cikin ruwan. In ana son ragi, a rufe rabin tiren. Ruwan da za a zuba ya zama mai ɗumi, ba na randa da asuba ba.

Dattijo, Gangare:
Wannan na yarda da shi. Amma wanda ba shi da sikeli ya duba gurbin iska da tocila, ya zagaye shi da fensir a kwana 7, 14 da 18. A kwana 18 ya kamata ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwan, ya kuma karkace gefe guda.

Injiniya, Farar Gada:
Ƙari a kan ma'aunin danshi, shi ma yana ƙarya fiye da na zafi. Gwajinsa mai sauƙi ne. A zuba gishiri a murfin kwalba, a ɗiga ruwa ya jiƙe amma kada ya narke, a sa shi da ma'aunin a cikin leda ko roba mai rufuwa gam, a bari awa 8 zuwa 12. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 68, ka san kullum za ka ƙara 7 a kan abin da ya faɗa.

Maman Sadik, Kubwa:
Mu a Abuja matsalar a juye take, na faɗa don masu karantawa daga nan. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ɗaki kan yi zafin da ya kusa na injin, hita ta mutu amma zafin ya ƙi sauka, ga shi daga mako na biyu ƙwan kansa yana fitar da zafi. A nan bargo haram, sai a nemi ɗaki mafi sanyi a buɗe ramukan iska duka. Ajiyar ƙwai ma ta fi wuya, don in ɗaki ya haura digiri 25 tayin yakan fara motsi a cikin kiret ya raunana. A irin wannan lokaci kada ƙwai ya wuce kwana 3 ko 4 kafin a sa shi.

Abban Khadija, Unguwar Rogo:
Allah ya saka. Juyawa fa da haskawa? Kuma daga yaushe ake fara ƙirga kwana?

Hajiya Mai Kaji, Rikkos:
Ranar da ka sa ba a ƙirga ta ɗaya. In ka sa Litinin da yamma, Talata da yamma ne kwana 1. Ke nan kwana 18 zai faɗo Juma'a ta mako na uku, fitowa kuma Litinin, mako uku cif. Ka rubuta a kalanda. Kuma ka sa ƙwan duka rana ɗaya. Masu ƙara biyar yau biyar jibi su ke rasa yadda za su yi a ƙarshe, don wasu na son juyi da ƙarancin danshi, wasu na son akasin haka, a inji ɗaya.

Tunda naka mai juyawa da kansa ne, ka jera su tsini ƙasa, ka riƙa leƙawa safe da yamma ka tabbatar tiren ya sauya ɓangare, domin ƙaramar motar nan takan tsaya ba a sani ba. Mai juyawa da hannu ya sa X a gefe ɗaya, O a ɗaya, ya juya sau 3 ko 5 a rana. Ana zaɓar mara ne don kada ƙwai ya kwana a gefe ɗaya dare biyu a jere. Makon farko shi ne ya fi buƙatar juyi, rashinsa ke sa tayi ya manne da ɓawo. A wanke hannu kafin a taɓa, man shafawa na toshe ƙofofin ɓawo.

Haskawa da dare ake yi a ɗaki mai duhu. Tocilar waya ta isa, ka dunƙule hannu a kanta ka ɗora faffaɗan kan ƙwan. A kwana 7 mai rai za ka ga ɗigo baƙi da jajayen jijiyoyi sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, wani lokaci har ka ga ɗigon yana lilo. Wanda ya fito fes, haske ya ratsa shi, babu zakara. Wanda ke da jan zobe zagaye babu jijiyoyi, ya fara ya mutu. In kana shakka ka sa masa alama ka bar shi zuwa kwana 10, musamman mai ɓawo mai duhu. A kwana 14 ka sake, mai rai ya yi duhu sosai. Duk wanda ke wari ko yake tsattsafo da ruwa a jiki, baragurbi ne, fitar da shi nan take a hankali, in ya fashe a ciki ya shafa wa sauran cuta. Kada aikin ya wuce minti 10 zuwa 15 a wannan sanyin, ka riƙa ɗebo kaɗan-kaɗan kana rufe murfi.

Malam Mai Inji, Bukuru:
Kwana 18 kuma a kashe juyi, a cire tiren juyawa, a shimfiɗa wani abu mai kaushi kamar tsohon tawul siriri ko ragar roba, a kwantar da ƙwan a gefensu. A ɗaga danshi zuwa 65 ko 70. A buɗe ramukan iska sosai, don yanzu ne tsako ke komawa numfashi da huhu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne toshe ramuka don danshi ya hau. Danshin zai hau, tsakin su shaƙe. A ƙara faɗin ruwa, a bar iska.

Daga nan murfi ya zauna a rufe. In ana buƙatar ƙarin ruwa a zura siririyar tiyo ko sirinji ta rami. Wajen kwana 19 zuwa 20 za ka ji kuka daga cikin ƙwai, sannan ka ga ɗan tsinin huda a ɓawo. Daga hudar nan zuwa fitowa yakan ɗauki awa 12 har 24, yana hutawa yana janye sauran gwaiduwa cikin cikinsa. Duk buɗewa ɗaya a hunturu na zubar da danshin cikin daƙiƙu, fatar waɗanda suka huda ta bushe a jikinsu.

Maman Sadik, Kubwa:
A nan ne nake da ja. In tsako ya huda ya kwana yana kuka, a zuba masa ido ya mutu? Ni ina ganin a taimaka masa.

Dattijo, Gangare:
'Yata, tausayin ne ke kashe su. Fatar da ke ƙarƙashin ɓawo cike take da jijiyoyin jini har zuwa awannin ƙarshe. In kika ɓare da wuri jini ya zuba, ko ki fito da shi gwaiduwa na reto a cibiya, ba ya rayuwa.

Malam Mai Inji, Bukuru:
Akwai tsakiya. In ya cika awa 24 da hudawa bai ci gaba ba, sauran sun fita, kuma fatar da ke bakin ramin ta koma ruwan ƙasa ta bushe, ana iya gwadawa. A ɓalle ɓawo kaɗan-kaɗan ta wajen gurbin iska, a jiƙa fatar da auduga da ruwan ɗumi ba tare da ruwa ya shiga hancinsa ba. In an ga jijiya ja ko ɗigon jini, a tsaya a mayar da shi na awa 3 ko 4. Kada a zaro shi, a buɗe rabi ya ƙarasa da ƙafarsa. Amma a sani, wanda aka taimaka sau da yawa rarrauna ne, kada a bar shi cikin na iri.

Dakta, hanyar Vom:
Na karanta duka, bayanin ya yi. Abin da zan ƙara shi ne kada a zubar da ƙwan da bai fito ba sai an fasa an duba, a kwana 23, a waje, da safar hannu. Shi ke gaya maka abin da za ka gyara. In tsaki sun fito tun kwana 19 ko 20 da cibiya a buɗe ko jini-jini, zafi ya yi yawa. In sun kai 22 ko 23, sanyi ne ko ɗaukewar wuta. Cikakken tsako a mace bai huda ba, jikinsa jagab, gurbin iska ƙarami, danshi ya yi yawa. Wanda ya manne da fata a bushe, danshi ya gaza ko an yi ta buɗe murfi. Wanda kansa ke wajen tsini, galibi an jera ƙwan a kife. Yawan ƙwai fes a kwana 7 kuwa ba laifin inji ba ne, a koma wajen zakara da abincin iyaye da daɗewar ƙwai. Don haka a riƙa lissafi biyu: nawa ne masu rai a haskawar farko, kuma nawa suka fito daga cikinsu.

Tsakin da suka fito a bar su a ciki su bushe, gashi ya tashi, awa 12 zuwa 24. Ba yunwa za su ji ba, gwaiduwar da suka janye na riƙe su kwana 2. Ɗakin reno ya kasance an ɗumama shi tun kafin, digiri 32 zuwa 35 a tsayin bayan tsako a makon farko, ana rage kamar 3 kowane mako. In sun taru a ƙarƙashin gulob suna tsuwwa, sanyi ne. In sun gudu gefe suna haki, zafi ne. Mai amfani da gawayi ya bari ya zama garwashi tukuna, ya kuma bar mashigar iska, hayaƙinsa na kashe tsaki har da mai kwana a ɗakin. Ƙasa a zuba dusar katako mai kauri, kada a shimfiɗa leda ko jarida mai santsi, ita ke sa ƙafa ta bankaɗe. Ruwa a fara ba su kafin abinci, a mazubi mara zurfi da tsakuwa a ciki don kada su faɗa.

Abban Khadija, Unguwar Rogo:
Dakta rigakafi fa? Kuma zan iya haɗa ƙwan zabi a ciki?

Dakta, hanyar Vom:
Tsakin gida ba su zo da rigakafin da ake yi wa na kamfani a ranar farko ba, don haka nauyin na kanka. Manyan biyu su ne na cutar Niyukasil da na cutar Gumboro. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, wadda ke nan tun 1924, tana yin su, ga ta kusa da mu. Ka sa likitan dabbobi ya rubuta maka jadawali daidai da yankinku, ka ɗauko maganin a cikin ƙanƙara, kuma kada a haɗa shi da ruwan famfo mai kulorin, yana kashe shi.

Ƙwan zabi kwana 26 zuwa 28 yake yi, talotalo 28, agwagwar gida 35, salwa 17 zuwa 18. In dole sai ka haɗa, ka sa na zabi mako ɗaya kafin na kaza don a daina juya su kusan lokaci guda. A zubin farko dai kaza kaɗai.

Injiniya, Farar Gada:
Bayan an kwashe, a cire wuta, a share ɓawo da gashin da ya taru a fanka da burushi busasshe, a wanke tire da ƙasan injin da ruwan sabulu sannan ruwan bilic mai sirki, kada ruwa ya taɓa allo ko ƙaramin kan da ke auna zafi. A bar shi a buɗe ya bushe kwana 2. Hayaƙin fomalin da manyan gidajen ƙyanƙyasa ke yi ba na ɗakin kwana ba ne, guba ne ga mutum, kada ka gwada. Kafin zubi na gaba ka sake gwajin awa 24 da ma'aunin asibiti, saiti yakan gusa.